Tambarin motarka ya faɗi ko an ɓalle shi? Ga yadda ake mayar da shi ba a ɓata fenti ba

Wata Asabar bayan la'asar wani Alhaji ya shigo garejinmu da baƙar Camry ta 2010, irin wadda ake kira Masul. Motar tsaf take, ba ƙwarzane ba lotsawa. Sai dai a murfin but, daidai inda tambarin Toyota yake zama, fenti ya yi fari fat kamar an barbaɗa garin alli, ga kuma layin gam da ya dalalo ƙasa ya daskare. Na ce, "Alhaji, me ya sami wurin nan?" Ya ce an ɓalle masa tambarin ne a wajen ɗaurin aure, ya sayi wani a hanya, yaron da ke wanke masa mota ya liƙa da sufa gulu. Kwana 9 tsakani tambarin ya sake faɗuwa, ya tafi da ɓawon fenti. Aikin da bai wuce na minti 30 ba, sai da muka goge murfin but ɗin gaba ɗaya muka sake masa fenti, mota ta kwana 3 a hannunmu. Garin neman gira aka rasa ido.

Fentin mota ne sana'ata, sama da shekara 20 ke nan a Kano, kuma ina jin zafin ganin fentin kamfani ya lalace a kan ɗan ƙaramin abu. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani gasa shi aka yi da zafin da garejinmu ba shi da shi. Duk iya hannuna, wanda zan fesa maka ba zai kai shi ƙarko ba. Don haka abin da nake so ka riƙe shi ne: tambari, ko bajo, ko logo kamar yadda yaranmu ke cewa, ba shi ne mai tsada a wannan aiki ba. Fentin da ke ƙarƙashinsa ne mai tsada, kuma kusan duk ɓarnar da nake gani hannu ne ya yi ta, da sukudireba da gam ɗin da bai dace ba.

Wasu na cewa ai tambari ado ne kawai, in ya faɗi a bar shi. A gaban mota, a kan ragar gaba, wannan magana tana iya tafiya. A bayan mota ba ta tafiya, domin tambura da yawa suna da ƙafafu 2 da ke shiga ramuka a jikin ƙarfen but. Tambari ya tafi, ramuka sun rage a buɗe. Damina ta sauka, ko mai wanki ya saka tiyo, ruwa ya bi ramin ya kwanta a cikin murfin, tsatsa ta fara ci daga ciki inda ido ba ya gani. Sai bayan shekara ka ga fenti ya kumbura a gefen ramin kamar bororo.

Fara sanin abin da ke riƙe da shi

Kafin ka sayi komai, kafin ka taɓa komai, buɗe but ko bonet ka leƙa bayan wurin. A but akwai wani kwali mai laushi da ƙananan maɓallan roba ke riƙe da shi. Cire biyu ko uku ka ja shi gefe, ka haska da fitilar waya. Abin da ka gani shi zai gaya maka sauran aikin.

In ba ka ga komai ba sai ƙarfe sumul, to gam mai fuska biyu ne kaɗai ke riƙe da shi. Haka yawancin haruffan sunan mota suke, irin su Camry, Corolla, Accord, LE, V6. In ka ga kan wasu 'yan ƙafafun roba 2 sun leƙo ta ramuka, to ƙafafu ne da gam a haɗe: ƙafafun suna daidaita zama, gam ɗin ke riƙewa. Babban tambarin Toyota na baya yawanci haka yake. In kuma ka ga wani ɗan faifan ƙarfe ya ciji ƙafar, ko ƙaramin noti, to sai an cire wannan daga ciki tukuna. Na sha ganin haka a H ɗin Honda da kuma tsofaffin motoci. Wanda ya ɓamɓaro irin wannan daga waje da ƙarfi, ko ya karya tambarin ko ya lotsa ƙarfen murfin.

Mercedes-Benz da BMW kowacce da halinta. Tauraron Marsandi mai tsayuwa a kan bonet, wanda kamfanin Daimler ya yi wa rajista tun 1909, tsinke uku ɗin na nufin ƙasa da ruwa da sama, ba gam a jikinsa ko kaɗan. Daga ƙarƙashi ake kama gindinsa da filaya, a murɗa shi kaɗan, sai ya saki ya fito ta sama. Sabon ma haka yake shiga. Na BMW mai shuɗi da fari ƙafafu 2 gare shi da ke nutsewa cikin wasu 'yan robobi a ramukan bonet. Na gaba galibi milimita 82 ne faɗinsa, na but a wasu samfura milimita 74, saboda haka kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Kuma in za ka canza shi, canza 'yan robobin ramin tare da shi, don tsofaffin sun riga sun saki.

Tambarin da ba tambari kawai ba

Nan ne nake so masu sababbin motoci su tsaya su karanta a hankali. Shafa tambarin gaban motarka da yatsa. In kana jin tudu da kwari na zoben, ko yatsanka na iya shiga tsakaninsu, to tambari ne na yau da kullum. In kuwa ka ji shi sumul kamar gilashi, hoton tambarin yana can ciki a bayan wata roba mai sheƙi, to akwai yiwuwar na'urar rada ce a bayansa. Ita ce ke auna tazarar da ke tsakaninka da motar da ke gabanka, ta rage gudu da kanta, ta ja birki in ta ga za a yi karo. Corolla ta Amurka daga 2017, Camry daga 2018, da wasu RAV4 da Highlander, da wasu CR-V na Honda masu wannan tsari, da Marsandi masu tauraro shimfiɗaɗɗe a ragar gaba, duk a bayan tambari na'urar take.

Irin wannan tambari taga ce ga na'urar. An yi masa wani siririn shafe mai ƙyallin ƙarfe wanda saƙon rada ke ratsawa. Tambarin jabu da aka yi wa shafen kurom na yau da kullum yana toshe saƙon. Abin da zai biyo baya shi ne fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, tsarin ya kashe kansa, ko abin da ya fi wannan muni, ya riƙa gani ba daidai ba. Ba a fesa wa irin wannan tambari fenti, ba a manna masa sitika, ba a huda shi. Kuma idan bugu ne ya fasa shi, ba tambarin kaɗai za a duba ba: na'urar da ke bayansa tana iya gocewa, sai an kai wa mai kwamfutar mota ya sake saita ta. Ni kaina idan irin wannan ta zo, ina yin nawa na jiki, in tura mai ita wajen masu kwamfuta. Ba na ɓoye wa kowa cewa a nan aikina ya tsaya.

Haka ma Golf da wasu Volkswagen: tambarin baya shi ne mariƙin buɗe but, a wasu ma kyamarar ribas a cikinsa take ɓuya. Wannan akwai waya a jikinsa, ba aikin zare da gam ba ne.

Wajen saye

In tsohon yana hannunka, ko da rabi ne, tafi da shi kasuwa. Juya bayansa, sau da yawa za ka ga lambar kaya a rubuce a jikin robar. Ta Toyota lambobi 10 ce, 5 a gaba 5 a baya da ɗan layi a tsakani. In ya ɓata gaba ɗaya, auna gurbin da ya bari: tsawo da faɗi, da kuma tazarar da ke tsakanin ramukan nan 2. Ɗauki hoto. Rubuta lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ƙofar direba. Da ita mai kaya na gaskiya zai gane ainihin shekarar motar da ƙasar da aka yi wa ita.

Tun 1989 Toyota ke amfani da tambarin zobba uku, amma girmansa ya sha bamban daga mota zuwa mota, har a mota ɗaya na gaba daban na baya daban. Na yawancin motoci masu haɗa fetur da batir kuma akwai shuɗi a cikinsa. Akwai wani abu da mutane ke mantawa: lanƙwasar bayansa. Murfin but ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, kuma an ƙera bayan tambarin ya bi wannan doron. Tambarin Sienna yana iya yin daidai da na Camry a ido, amma ka ɗora shi sai ka ga tsakiya ta zauna gefe ya tashi. Wanda gefensa ya tashi ba zai shekara ba, ƙura da ruwa za su shiga su ci gam ɗin. Shi ya sa nake cewa a je da motar har bakin shago, a ɗora tambarin a gurbinsa ba tare da an ɓare takardar gam ba, a duba ta gefe ko haske na wucewa.

A Ƙofar Ruwa, kamar yadda yake a Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja ko Ladipo ta Legas, iri uku za a nuna maka: sabo na kamfani a ledarsa, na Beljiyam da aka ciro daga motar da aka yanka, da sabo na kwaikwayo. Ni na fi son na Beljiyam mai lafiya a kan sabon kwaikwayo. Duk tamburan yanzu roba ce aka yi wa shafen kurom, bambancin a shafen yake. Na kwaikwayo shafensa siriri ne, zafin watan Afrilu ɗaya ya ishe shi ya yi ƙuraje ya fara ɓarewa. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka bi gefensa da yatsa. In ka ji kaifi da ragowar roba, in ƙyallin ya yi duhu-duhu kamar ledar alawa, ajiye shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma iri na huɗu, wanda nake roƙon ka da kada ka saya. Shi ne wanda wani yaro zai zaro daga aljihu a bakin hanya, ƙafafunsa a karye, ga sawun sukudireba a gefensa, ga ɗan ɓawon fentin motar wani a manne a bayansa. Wanda aka ciro daga motar da aka yanka, ƙafafunsa lafiya lau suke zuwa, domin mai cirewa ba sauri yake ba. Wannan kuwa daga motar wani bawan Allah ya fito da ya shiga masallaci ko asibiti. Muddin muna saye, za a ci gaba da ɓallewa, gobe kuma naka ne. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Sai gam. Nemi gam mai fuska biyu na mota, mai launin toka, mai danƙo kamar cingam, wanda bayansa ke da jar leda. Na 3M shi ne aka fi sani. Kada ka karɓi farin mai kama da soso, wanda ake manna hoto da shi a bango. Yana shan ruwa, rana kuma tana narkar da shi. Na 3M ɗin ma ana kwaikwayonsa sosai. Gwada shi: yanki ɗan guntu ka ja, na kirki yana miƙewa ya dawo, ba ya yagewa kamar burodi. Sabon tambari na kamfani da gam ɗinsa yake zuwa, ba ka buƙatar ƙari.

Sauran kayan aikin duk na gida ne: tef ɗin takarda na masu fenti, zaren roba mai ƙarfi irin na fatsa ko na masu ɗinkin takalmi, sifirit daga kemis, kananzir kaɗan, tsumma mai laushi guda biyu, tsohon katin ATM, reza, da diraya ta busar da gashi in akwai wuta.

Cire tsohon

Wanke wurin da ruwa da sabulu tukuna. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goga tsumma a kanta ka yi wa fenti sanfefa da hannunka.

Kafin ka cire komai, yi alama. Manna tef ɗin takarda a ƙarƙashin haruffan, ya bi gindinsu a miƙe, wani a gefen hagu inda harafin farko ya fara, wani a dama inda na ƙarshe ya tsaya. In haruffan rarrabe suke, ja ɗan layi da biro a kan tef ɗin daidai farkon kowanne. Minti 2 wannan zai ci maka, amma shi ne bambancin aikin da ya fito kamar na kamfani da wanda duk mai bin ka a baya zai ga ya karkace. Ido yana kama karkata ko ta milimita 2 ce, musamman a kan layin murfin but. Tef ɗin kuma yana kare fenti daga gogar zare.

Yanzu ɗumama gam ɗin. Diraya a tazarar kamar tafin hannu, kana yawo da ita, minti 1 zuwa 2, har wurin ya yi zafin da za ka iya ɗora hannu ka ɗan jure. In babu wuta, Allah ya hore mana rana: juya bayan motar ga rana da hantsi na rabin awa, ya wadatar. Abin da ba na so shi ne bindigar zafi ta masu aiki a hannun wanda bai saba ba, balle kyandir ko wutar walda. Bamba da ragar gaba roba ce, kafin ka ankara sun narke.

Yanki zare kamar kamu 2, naɗe bakinsa biyu a yatsunka, ko a 'yan guntayen itace don kada ya yanke ka. Zura shi ta bayan tambarin daga kusurwa, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai zarto, kana jan zaren zuwa wajenka, wato ya goga bayan tambarin ba jikin fenti ba. A hankali zai ci gam ɗin. In ka ji ya tsaya cak, ƙafa ya tarar. Kada ka yi gardama da ita, zare shi ka shigo ta wani gefen. Idan ka zagaye duka, sa katin ATM ka ɗaga shi a miƙe, ko ka tura ƙafafun daga cikin but da yatsa. Sukudireba, wuƙa, cokali, duk wani ƙarfe, ba su da aiki a nan. Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, in ya ga yaro ya nufi jikin mota da sukudireba, daga inda yake zaune zai daka tsawa: "Kai! Wannan fenti ne, ba gwangwanin madara ba!"

Share gurbin, nan aikin yake

Abin da zai rage shi ne baƙin ragowar gam mai siffar tambarin. Mutane a nan suke gajiya, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Sabon gam ba ya kama tsohon gam, ba ya kama maiƙo, ba ya kama folish. Fenti tsirara yake so.

Ɗumama shi kaɗan, ka murza da babban yatsa, zai riƙa naɗewa yana fita kamar dattin jiki. Wanda ya ƙi, ɗiga kananzir a tsumma ka ɗora a kai minti 2 ko 3 ya jiƙa, sannan ka kankare da katin. Kada ka kawo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kusa, kada ka kawo man birki, shi wannan cin fenti yake kamar wuta. Fetur ma ban yarda da shi ba, musamman a motar da aka taɓa sake wa fenti, yana dusar da sheƙi. Fatar sama ta fenti, wadda ke ba shi ƙyalli, ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. In ta tafi, ba folish ɗin da zai dawo da ita.

Bayan gam ya fita za ka ga inuwar tambarin a jikin mota: fentin da ke ƙarƙashi sabo ne, na kewaye rana ta ci shi, ga layin datti a gefe. In irin tambarin za ka mayar, zai rufe inuwar, ba damuwa. In kana so ka rage ta, ɗan folish a tsumma da hannu, a hankali. A jar mota ko shuɗiya da ta daɗe a rana, inuwar ba ta ɓacewa duka, gara ka sani tun yanzu.

Leƙa ramukan. In akwai tsatsa a bakinsu, kankare ta da ɗan guntun sanfefa mai laushi da ka naɗe kamar tsinke, ka ɗiga fenti kaɗan da kan ashana, ka bar shi ya bushe.

Daga nan wanke wurin da sabulu don kananzir da folish su fita, ka busar, sannan ka goge da sifirit a tsumma mai tsabta. Goge sau biyu, da gefen tsumma daban-daban. Bayan wannan kada yatsa ya sake taɓa wurin, don gumin hannu ma maiƙo ne.

In tsohon tambarin za ka mayar, ko na Beljiyam, bayansa ma haka za ka share shi tas ka goge da sifirit. Shimfiɗa sabon gam a bayansa, danna sosai, ka bi siffarsa da reza kana yanke abin da ya wuce, ka ɗan shigar da yankan ciki kamar milimita 1 don kada toka-tokan ya leƙo ta gefe ya riƙa tara ƙura. Haruffa ƙanana suna cin lokaci. Zauna a inuwa ka yi su ɗaya bayan ɗaya.

Mannawa

Lokaci yana da muhimmanci. Irin wannan gam ya fi kamawa tsakanin digiri 21 zuwa 38. Da sanyin asuba na hunturu yana taurare, ba ya kwanciya. Da tsakar ranar bazara kuma ƙarfen baƙar mota yana zafin da hannu ba ya iya zama, gam ɗin ya yi laushi ya zame. Ni da hantsi nake yi, a inuwa, ko bayan la'asar. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura, shigar da motar ciki.

Gwada zaman sau ɗaya ba tare da ka ɓare ledar ba. Ka tabbatar sama tana sama: a na Toyota, zoben da ke kwance a ciki shi ne a sama. Sannan ɓare ledar, riƙe tambarin ta gefe, saita ƙafafu da ramuka ko gindin haruffa da tef ɗinka, ka sauke shi sau ɗaya. Wannan gam ba ya ba da dama ta biyu. In ka ɗaga don gyara, rabin ƙarfinsa ya tafi, gara ka sake sabon gam. Sababbin haruffa na kamfani suna zuwa jere a cikin wani soso ko leda mai riƙe tazararsu. Kada ka fitar da su ɗaya-ɗaya, manna su a haka sannan ka ɗage sosan.

Ɗora tsumma a kai ka danna da tafin hannu da ƙarfi, daƙiƙa 30 zuwa minti 1, kana bin kowane gefe da babban yatsa. Dannawar ce ke sa shi kamawa, ba yawan gam ba. A bayanin da 3M ke bayarwa kan irin wannan gam, yana kai rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 cikin 100 bayan awa 24, cikakken ƙarfi sai bayan awa 72. Don haka kana iya hawa motarka nan take, amma ka gaya wa mai wanki ya ba ta kwana 3, kuma ko bayan nan kada ya kafa bakin injin feshi a gefen tambarin.

Me ya sa nake ƙin sufa gulu haka? Yana bushewa ya zama kamar gilashi, alhali ƙarfe da roba kullum cikin motsi suke, rana ta buɗa su dare ya tsuke su, ga girgizar hanya. Gam mai danƙo yana bin wannan motsi, sufa gulu kuwa tsagewa yake. Tururinsa shi ne farin da na gani a motar Alhaji, kuma yana cin fatar fenti ta yadda in ya tashi fita tare suke fita. Aradait ma haka, ya fi shi taurin kai. Silikon ba ya ɓata fenti nan take, amma tambarin yana zamewa kafin ya bushe, kuma duk inda ya taɓa, fenti ba ya kwanciya a wurin nan gaba sai an sha wahala.

Na ragar gaba

Wannan yawanci 'yan harsunan roba ne ke riƙe da shi daga baya, wani lokaci da ƙananan sukurori. Buɗe bonet, cire baƙar robar da ke rufe saman lagireto, ka zura hannu ta bayan ragar, ka matse harsunan kana tura tambarin waje. Bari inji ya huce tukuna, kuma ka kashe mota ka zare makulli, domin fankar lagireto tana iya tashi da kanta. In hannu bai kai ba, gara a sassauta ragar ko bamba da a ɓamɓara daga waje. Sabon kuwa tura shi kawai za ka yi har ka ji ƙas.

Tun da na gaba ne aka fi sata, ga abin da nake yi wa masu motar da ba ta da rada: kafin in saka, ina huda ɗan ƙaramin rami a harsunan baya ko ƙafafun, in zura siririyar waya ko igiyar roba mai haƙora, in ɗaure da jikin ragar ta ciki. Daga waje ba a ganin komai. Ɓarawon tambari daƙiƙu yake da su. In ya ja ya ji turjiya, gaba yake yi. Wasu suna buga ribit ta fuskar tambarin, yana hana sata amma yana muni, kuma a jikin but sabon rami ne ka buɗe wa tsatsa. Tauraron Marsandi mai tsayuwa kuwa, wanda ya gaji da saye yana iya sa shimfiɗaɗɗen da ake yi don gurbin, ba ya ba hannu wurin kamawa.

Akwai wani aiki da nake mayarwa. Mutum ya zo da LE ya ce in sa masa XLE, ko mai silinda 4 ya ce in manna V6, ko C200 ta koma C300, ko a cire tambarin Pontiac Vibe a sa na Toyota. Ita Vibe gaskiya ne 'yar'uwar Toyota Matrix ce, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Kalifoniya aka ƙera ta, amma takardunta Pontiac suka ce. In don sha'awarka ne, motarka ce. Amma na kan tambaya, "Ranka ya daɗe, hawa za ka yi ko sayarwa?" In sayarwa ce, ba da hannuna ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kai kuma mai saye, kada ka yarda da abin da ke rubuce a but. Lambar shasi ita ke faɗin gaskiyar mota.

Wanda ya ga ba zai sami tambarin da ya dace ba yanzu, kada ya bar ramukan a buɗe. Share wurin da sifirit, ka manna ɗan guntun tef mai ƙarfi ta ciki da ta waje har ka samu. In kuma ka yanke shawarar barin motar ba tambari har abada, ramukan sai an toshe su an yi fenti. Fila, wadda ake cike lotsawa da ita, in ita kaɗai aka sa a kan rami tana tsagewa.

Masu tsofaffin Peugeot, wato Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, ku kam ku riƙe naku da kyau. Zakin nan na tambarin Fijo ya girmi motar kanta, tun 1858 aka yi masa rajista, lokacin kamfanin yana ƙera zarto da kayan ƙarfe. Na asali na waɗannan motoci ya yi wuya a kasuwa yanzu, wanda ake samu sabo kuma ba ya kama ƙafarsa. In naka ya dusashe ne kawai, kada ka jefar. Ciro shi daga baya a hankali, ka ɗiga ɗan baƙin mai a faifan da ya ciji ƙafar ka bar shi ya kwana kafin ka murɗa, don ƙafar ba ta jure ƙarfi. Wanke shi da tsohon buroshin haƙori da sabulu, inda baƙin ya goge ka cike da baƙin fenti da kan tsinke, ka goge abin da ya hau kan ƙyallin kafin ya bushe. Wajen mayarwa, shafa ɗan giris a bakin ramukan, ka sa sababbin faifai, ka matse su da yatsa kawai.